Da Wane Harshe Digirin Zai Koma Icirnawa?

A ranar 26 ga Maris 2025 aka zartar da Kundin Sake Gina Ƙasa, wanda ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, ya kuma mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. An yi ta muhawara a kan ma'anar wannan mataki ta fuskar siyasa, amma an yi ƙarancin magana a kan wanda zai ɗauki nauyin shigar da shi cikin aji. Doka tana iya sauya matsayin harshe a dare ɗaya. Littafin karatu da darasin lissafi da malamin da ya san yadda ake gina su kuwa, sai an ɗauki shekaru ana reno.

A daidai wannan lokaci ne wani fanni na karatun gaba da digirin farko ke ƙara jan hankalin malaman makaranta, wato fannin tsara darussa ta hanyar na'ura. Ba baƙon abu ba ne yau a ji malami ko mai duba makarantu yana neman gurbin digiri na biyu a wannan fanni, galibi ta karatu daga nesa. Buri ne mai kyau, kuma ya cancanci goyon baya. Sai dai ga malamin da ke koyarwa a wuri irin Icirnawa, amfanin wannan digiri ya rataya ne a kan tambayar da manhajojin fannin ba su cika yi ba: da wane harshe za a tsara darasin, kuma wace Hausa ce yaron zai ji? Tambayar ta masana harshe ce, shi ya sa ya kamata a taso da ita a nan.

Abin da karatun ke sauyawa a wurin malami

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wannan fanni koyon sarrafa kwamfuta ne. Sarrafa na'ura shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke ciki. Zuciyar karatun ita ce koya wa malami ya daina ɗaukar darasi a matsayin shafin da za a kwafe a allo, ya fara kallonsa a matsayin gini mai harsashi. Yana farawa da binciken masu koyo: su wane ne, me suka riga suka sani, da me suke da shi a hannu. Daga nan ya fayyace abin da yake son yaro ya iya yi a ƙarshen darasi, ya jera matakan kaiwa can, ya zaɓi inda murya ta fi dacewa da inda hoto ya fi, ya gwada a kan yara na gaske, ya auna sakamako, ya koma ya gyara. Malamin da ya sha wannan horo yakan dawo da wata ɗabi'a mai tsada: idan aji bai gane ba, darasin yake fara tuhuma kafin ya tuhumi yaran.

Ɗalibin fannin yana haɗuwa da ayyukan masana irin su John Sweller, wanda tun 1988 ya bayyana cewa ƙwaƙwalwar mai koyo tana da iyakar nauyin da take iya ɗauka a lokaci guda, da Richard Mayer, wanda ya nuna yadda haɗa magana da hoto bisa tsari ke sauƙaƙa fahimta, da yadda ƙawa marar amfani ke dagula ta. A ƙasashen da ke karatu da Faransanci, ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin samun wannan ilimi shi ne digirin ACREDITE, wanda jami'o'in Cergy-Pontoise a Faransa da Mons a Beljiyam da Janeba a Suwizalan suka haɗu suka tsara, ake yinsa daga nesa tare da tallafin hukumar jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, AUF. Ilimi ne mai inganci. Amma an gina shi a kan zato biyu da ba a ko ambata su saboda a can ba su da shakka: cewa akwai lantarki da intanet, da cewa harshen darasi shi ne harshen da yaro ke ji. A Icirnawa, duka biyun sai an sake duba su.

Ajin da darasin zai sauka

Icirnawa ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Kance, wadda Matamai ke zaman babban birninta, a kudancin jihar Damagaram. Ƙasa ce ta manoma mai cike da jama'a, ta hatsi da dawa da gyaɗa da wake, ga gawo a tsaitsaye cikin gonaki. Daga Matamai hanya ta miƙe zuwa Ɗan Barto, ta tsallaka iyaka a Kwangwalam, ta shiga Daura ta wuce Kano. Yaron wannan yanki da Hausa yake tashi, da ita yake wasa, da ita ake aikensa kasuwa. Ranar da ya shiga lakwal, sau da yawa a ranar ce ya fara jin jimlar Faransanci cikakkiya.

Kamar sauran karkarar ƙasar, azuzuwa da dama runfunan kara ne da ba a iya kafawa sai an gama girbi. A faɗin Nijar, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke samun lantarki, a ƙauye kuwa abin bai kai ko kusa da haka ba. Na'urar da ta fi yawa ita ce wayar hannu, wadda ake kai wa mai faifan hasken rana ya yi mata caji, ake tura mata waƙa da wa'azi ta katin ajiya ko daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba. Sa'ad da aka rufe makarantu a watan Maris 2020 saboda annobar korona har zuwa farkon Yuni, yaran da ke irin wannan hali ba su da wata ƙofa ta karatu daga nesa.

Sakamakon koyo kuma ba ɓoyayye ba ne. Awon PASEC na 2014 ya nuna cewa ƙasa da yaro ɗaya cikin goma na masu kammala firamare a Nijar ne ya kai mizanin da ake buƙata a karatu. A 2019 an samu ci gaba zuwa kusan uku cikin goma. A wannan awo dai, ƙasar da yaranta na azuzuwan farko suka yi zarra ita ce Burundi, inda ake fara karatu da Kirundi, harshen gida. Idan aka ɗauki ka'idar Sweller da gaske, dalilin a fili yake. Yaron da ake koya wa haɗa baƙi da wasali cikin harshen da bai ji ba, kaya biyu aka ɗora masa a kai ɗaya. Allon na'ura, kome kyawunsa, ba ya sauke masa ko ɗaya idan da Faransanci yake magana.

Nijar ta taɓa gwada wannan hanya

Ƙasar nan tana cikin na farko a Afirka da suka shigar da na'ura aji. A 1964 aka soma shirin talabijin na makarantu da taimakon Faransa. A ɗakunan shirye-shirye na Yamai ake tsara darussa, a watsa su zuwa azuzuwa, inda masu kula da yara waɗanda aka yi wa gajeren horo ke bin umarnin da aka rubuto musu. Shirin ya burge masana a duniya, har an yi amfani da hasken rana wajen kunna wasu akwatunan. Amma da Faransanci ake yinsa, kuma sanin yadda ake gina darasi ya zauna a Yamai bai sauka hannun wanda ke tsaye gaban yara ba. Bai taɓa kaiwa ga mafi yawan makarantun ƙasa ba, kafin ƙarshen shekarun 1970 kuma ya shuɗe.

A shekarar 1964 ɗin ce Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya wallafa littafinsa a kan ilimi a Afirka, inda ya kare koyarwa da harsunan gida. Shi ne kuma masanin kimiyyar da ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ƙasa shekaru masu yawa. Mutum ɗaya ya riƙe hasken rana da harshen uwa a hannu ɗaya, tun shekaru sittin da suka wuce.

Gwaji na biyu a Damagaram aka fara shi. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a birnin Zinder, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu harsuna. Binciken da Mart Hovens ya wallafa a 2002 ya nuna cewa yaran irin waɗannan makarantu sun fi takwarorinsu iya karatu, har ma da Faransancin kansa. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Duk da haka makarantun sun yi shekaru aru-aru ana ce musu na gwaji, kuma ƙarancin littattafai da ƙwararrun malamai na cikin abin da ya daƙile su.

Gwaji na uku shi ne mafi kusa da batun. A 2009 da 2010, a ƙauyukan jihohin Damagaram da Doso, an gudanar da shirin ABC na yaƙi da jahilci, inda aka koya wa manya karatu da Hausa da Zabarmanci, aka kuma ƙara wa wasu ƙauyuka koyon amfani da wayar hannu mai maɓallai. Jenny Aker da abokan aikinta sun tarar cewa waɗanda suka haɗa da waya sun fi samun maki a rubutu da lissafi. Wayar ba ta zo da wata manhaja mai tsada ba. Ta dai ba mai koyo dalilin yin rubutu kullum, da harshensa, zuwa ga mutumin da ya sani. Idan aka jera gwaje-gwajen uku, na farko yana da na'ura babu harshe, na biyu yana da harshe babu kayan aiki, na uku ya haɗa harshe da na'urar da ke aljihun mutane. Malamin da ya karanci tsara darasi shi ne ya fi dacewa ya ɗora daga inda na ukun ya tsaya.

Inda ake buƙatar masanin harshe

Da zarar malami ya yanke shawarar gina darasinsa da Hausa, matsalolin da zai ci karo da su duk na kimiyyar harshe ne. Na farko baƙaƙe masu ƙugiya. Ɗalibin jami'a yana iya karanta saƙon da aka rubuta *kafa* a madadin *ƙafa*, ko *bata* a madadin *ɓata*, ya gane daga muhalli. Ɗan aji ɗaya ba shi da wannan gata, domin dangantakar harafi da sauti ce yake koyo. Darasin da ya watsar da ƙugiya, ko wanda tsohuwar waya ta mayar da ƙugiyarsa ɗan akwati, yana koyar da kuskure tun daga tushe. Ƙa'idar rubutu da Nijar ta tsayar a 1999 tana amfani da *ƴ*, Najeriya kuwa tana sa waƙafin sama kafin *y*. Ga ɗan Adam abu ɗaya ne, ga na'ura kalmomi ne mabambanta, kuma wanda ya nemi ɗaya ba lalle ne ya samu ɗayar ba. Taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980 bai san da wannan matsala ba. Yanzu ta zama ta yau da kullum.

Na biyu karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutu ba ya nunawa. *Gari* na zama da *gari* na tuwo iri ɗaya suke a takarda. Kalmar *mushe* da ɗan Nijar ke kiran malaminsa da ita cikin girmamawa, a rubuce ba ta da bambanci da dabbar da ta mutu ba yanka. A baki ba mai rikita su. Wannan shi ne babban abin da na'ura ta fi littafi da shi, domin tana iya ɗora murya a kan kowace kalma. Amma muryar wa? Injin da ke karanta rubutu bai san karin da ake nufi ba sai an nuna masa. Muryar malami ko ta wata uwa daga yankin, da aka naɗa da waya, ta fi aminci kuma ta fi arha.

Na uku tsarin gaɓa. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Rubutunta kuma yana bin furuci kusa da kusa, saɓanin Faransanci inda sauti ɗaya kan zo a rubuce da *o* ko *au* ko *eau*. Manhajar koyon karatu da aka gina don Faransanci aka fassara zuwa Hausa tana tafe da jerin haruffa da matakan da ba su dace ba. Wanda ya san yawan aukuwar kowane sauti a Hausa ne zai iya faɗin harafin da ya kamata a fara da shi, da kalmomin da yaro zai iya karantawa a makonsa na biyu.

Na huɗu karin harshe da kalmomin aro. Mafi yawan abin da ke intanet da Hausa daga Najeriya ya fito, bisa daidaitacciyar Hausa mai tushe a Kananci, da aro daga Ingilishi. Yaron Icirnawa *ma* yake cewa inda littafi ke cewa *wa*, *kaye* yake rubutu a ciki, da *lakire* ake rubuta masa a allo. Misali mafi tsanani yana cikin lissafi. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, kowace dala kuwa faran biyar ce. Faran 100 dala ashirin ce, idan aka ce ɗari ana nufin faran 500, jika kuma faran 1000. Darasin da ya fassara adadin Faransanci kai tsaye zai ce wa yaro ɗari, yaron ya ji ninki biyar na abin da ake nufi. Malamin da ya lura da wannan zai mayar da shi darasin ninkawa da biyar mafi daɗi, domin yaran sun riga sun iya shi a ka. Babu jami'ar Turai da za ta koya masa haka.

Abin da masu suka ke cewa

Akwai masu cewa maganar na'ura ga yaron da ke zaune a ƙasa cikin runfar kara almubazzaranci ne, a fara da benci da alli. Suna da gaskiya idan ana nufin raba allunan hannu masu tsada da za su mutu cikin shekara. Amma tsara darasi bai wajabta wa kowane yaro na'ura ba. Waya ɗaya a hannun malami da ƙaramar lasifika sun isa su kawo tatsuniya da sautin haruffa cikin aji. Manhajar Bloom tana ba malami damar haɗa ƙananan littattafai da harshensa ya buga su a takarda, Kolibri kuma tana aiki ba intanet. Mafi sauƙi duka, darasin da malami ɗaya ya gina da kyau yana iya isa ga abokan aikinsa ta WhatsApp, su tattauna shi a taronsu na CAPED.

Wasu kuma suna tsoron cewa kula da karin yanki zai wargaza daidaitacciyar Hausa. Rubutu ya tsaya a kan ƙa'ida ɗaya, wannan ba abin sassauci ba ne. Murya da misalai ne za su fara daga abin da yaro ya sani, su kai shi ga daidaitacce a hankali. Akwai kuma damuwar masu sauran harsuna, wadda ba a yi mata adalci ba idan aka share ta. A jihar Damagaram kaɗai akwai yara masu tashi da Barbarci da Fulatanci da Buzanci da Tubanci. Hujjar da ta ba ɗan Icirnawa haƙƙin fara karatu da Hausa ita ce ta ba ɗan Gure haƙƙin farawa da Barbarci, kuma dabarun ginin darasin ɗaya ne. Iyayen da ke son ƴaƴansu su iya Faransanci ko Ingilishi kuwa, sakamakon makarantun gwaji yana tare da su: wanda ya iya karatu da harshensa ya fi saurin iya shi da wani.

Digiri ko ƙofar fita

Saura matsala mafi ɗaci. Mafi yawan malaman firamare a Nijar ƴan kwantiragi ne, kuma jarrabawar da aka yi musu a 2017 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu matsakaicin maki. A cikin irin wannan hali, malamin da ya yi ɗawainiyar kai kansa digiri na biyu, yana hawa babur zuwa Matamai ko Zinder neman intanet mai ƙarfi, yana sayen kati daga ɗan abin da yake samu, zinariya ne. Ƙungiyoyin agaji sun san haka, kuma su ne ke da albashin da za su saye shi. Ba wanda zai zarge shi idan ya tafi. Amma muddin ci gaban malami yana nufin barin aji, to kowane digiri ribar mutum ɗaya ce da asarar makaranta guda.

Magani yana hannun hukuma da jami'a. Hukumar ilimi tana iya buɗe matsayi na mai tsara darussa a matakin gunduma, da albashin da ya dace da digirin, wanda zai ci gaba da riƙe aji yana kuma hidimar makarantun kewaye, yana aiki tare da INDRAP da makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad da ke Zinder. Jami'o'i kuma lokaci ya yi da za su gina nasu digirin. Senegal ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, Kodebuwa ta bi baya a 2015. Tun da Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a watan Maris 2025, dogaro da tsofaffin ƙofofi kaɗai ya zama ganganci. Jami'ar André Salifou ta Damagaram da babbar makarantar horon malamai ta Yamai suna iya tsara digirin da sashen nazarin harsuna zai kasance cikinsa tun daga harsashi, a koyar da tsarin sauti da ƙa'idojin rubutu da walwalar harshe a gefen dabarun na'ura, a kuma sharɗanta cewa kundin kammalawa darasi ne da aka gwada a aji na gaske da harshen ƙasa. Kano ba ta da nisa. Jami'ar Bayero ta fitar da *Ƙamusun Hausa* a 2006, akwai littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, a wannan gefen kuma ga ƙamusun Abdu Mijinguini. Abin da ya rage shi ne a zauna a daidaita kalmomin lissafi da kimiyya na firamare tsakanin ɓangarorin biyu kafin kowa ya ƙirƙiri nasa.

Ɗaliban kimiyyar harshe ma suna da rabonsu. Kowace shekara ana rubuta kundaye a kan karin harshe da tsarin sauti, a jera su a kanta ƙura ta rufe. Jerin kalmomin da yaran Kance ke amfani da su kafin shekara bakwai, ko naɗaɗɗun muryoyi masu alamar karin sauti, ko nazarin kurakuran rubutun ƴan aji biyu, kowanne ya isa kundin digiri na biyu, kuma kowanne abu ne da mai tsara darasi ke nema ido rufe bai samu ba. Malamin yana da aji da yara, ɗalibin harshe yana da kayan awo. Daga Zinder zuwa Matamai tafiyar safiya ɗaya ce.